Daga Man Kaɗanya Zuwa Retinol: Me Kowane Sinadari Yake Yi Wa Fata, Wanne Kuma Ya Dace a Saya?

Duk wanda ya shiga shagon kayan kwalliya a Kano ko Kaduna ko Maraɗi zai tarar da kwalabe jere har rufi, kowace da alkawarinta a goshi: wannan tana sa haske, waccan tana goge tabo cikin mako guda, wata kuma an ce daga Koriya aka kawo ta. Yawancinmu alkawarin muke saye, ko ƙamshi, ko don wata ƙawa ta ce man ya karɓe ta. Alhali abin da zai yi aiki a jiki yana bayan kwalbar, cikin ƙananan rubutun nan da aka jera sunayen sinadarai. A ƙa'ida, wanda ya fi yawa shi ake fara rubutawa, a gangaro zuwa mafi ƙanƙanta. Idan an yi tallar mai da sunan man kaɗanya, sai aka ga man kaɗanyar can ƙarshen layi bayan turare, to ɗigo aka sa don a samu abin faɗa.

Kafin a kwatanta komai, akwai halin fatarmu da ya kamata a riƙe a zuciya. Baƙar fata, har da wankan tarwaɗa, tana da melanin mai yawa, wato sinadarin da ke ba fata launi, kuma ƙwayoyin da ke samar da shi masu saurin zabura ne. Ƙurji ya fito ya warke, sai ya bar baƙin tabo. Sauro ya ciji mutum ya sosa, tabo. Mai ya yi wa fuska ƙarfi ya ɗan ƙona ta, tabo. Bature idan mai ya yi masa zafi, yawanci ja zai yi na kwana biyu ya wuce, mu kuwa wurin duhu yake yi ya zauna watanni. Shi ya sa ba na auna sinadari da ƙarfinsa. Tambayar da nake yi ita ce: zai yi aikin ba tare da ya fusata fatar ba? Da wannan ma'aunin zan bi su.

Mu fara da bushewa, tunda ita ce ta game kowa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya kankama, danshin iska a Arewa kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da tsakar rana. Iskar tana zuƙe ruwan fata, ƙafa ta yi furu-furu, leɓe ya tsage, diddige ya yi faso. Ga kuma alwala sau biyar, wadda kowane wanki yake tafiya da ɗan maiƙon da ke kare hannu da fuska. Mayukan da ke magance wannan aiki biyu suke yi. Wasu suna jawo ruwa su riƙe shi a saman fata, wasu suna hana ruwan fita. Na farko kamar ɗebo ruwa ne a zuba a randa, na biyu shi ne murfin randar. Wanda ya ɗebo bai rufe ba, da wanda ya rufe busasshiyar randa, duk ba su tsira da komai ba.

Cikin masu jawo ruwa, gilisarin ne tsohon hannu. Kusan babu man shafawa na kirki da ba ya ciki, ana samunsa a kowane kemis, kuma da wuya ya yi wa fata illa. Aibinsa danƙo. Idan aka shafa shi tsantsa sai jiki ya yi ta manne wa tufafi, ƙura ta kwanta a kai. A sirka shi da ruwa, ko a ɗiga kaɗan cikin man shafawa, a shafa jiki na da ɗan danshin wanka. Abokin gasarsa na zamani shi ne hayaluronik asid, wanda ake ta yayi yanzu. Aikinsu ɗaya ne. Hayaluronik ya fi sauƙi a fuska, ba ya danƙo, yana sa fata ta ciko ta yi santsi na wasu sa'o'i, amma kuɗinsa ya ninka na gilisarin sau da yawa, kuma ba ya goge tamoji kamar yadda ake faɗa, ɓoye shi kawai yake yi na ɗan lokaci. A busasshiyar iska irin tamu, shafa shi shi kaɗai ba tare da an bi shi da mai ba kusan asarar kuɗi ne. Mai fuska mai maiƙo da ba ta son nauyi za ta ji daɗinsa. Ga sauran jama'a, gilisarin ya wadatar.

Yuriya ita ce ba a ba ta haƙƙinta ba. A kashi 5 zuwa 10 cikin 100 tana riƙe ruwa kamar gilisarin. A kashi 20 zuwa 40 kuwa tana narkar da kaurin mataccen fata, irin na diddige da gwiwa da gwiwar hannu. Wanda faso ya dame shi ya jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi da dare, ya goge kaushin a hankali, ya shafa mai yuriya, ya bi da Vaseline, ya sa safa ya kwanta. Wannan ya fi zama a yi ta kankare diddige da dutse ko reza, domin fatar da aka kankare da ƙarfi ƙara kauri take yi. Idan fason ya buɗe har yana jini, yuriya za ta yi raɗaɗi, sai a bari ya haɗe tukuna. Mai ciwon suga kuma kada ya yi wasa da tsagewar ƙafa, likita ya kamata ya duba masa.

Sai masu rufewa, inda gasar take tsakanin Vaseline da man kaɗanya. Vaseline daga ɗanyen man fetur ake tace shi, kuma tun 1872 Robert Chesebrough ya yi masa rajista a Amurka. Wannan asalin nasa ya sa wasu suke ƙyamarsa, amma wanda aka tace da kyau yana cikin abubuwan da suka fi aminci a shafa wa fata. Ba ya ƙaiƙayi, ba ya lalacewa, kuma yana hana kusan kashi 98 cikin 100 na ruwan da ke fita ta fata. Babu wani mai da ya kai shi a wannan. Sai dai iyakarsa ke nan, shi ba ya ƙara wa fata komai, rufewa kawai yake yi. Shi ya sa wanda ya shafa shi a busasshen jiki yake ganin ƙyalli amma kaushin na nan. A bazara kuma yana riƙe gumi, ya jawo ƙurajen zafi, musamman ga yara.

Man kaɗanya bai kai Vaseline toshewa ba, amma ya fi shi ratsa fata da tausasa ta. Ɗanyensa, wanda mata suke sarrafawa da hannu, launinsa fari ne mai ɗan rawaya, da ɗan ƙaurin hayaƙi. Idan aka ɗebo da yatsa yana da ɗan tauri da tsaki-tsaki, amma da an murza shi a tafin hannu sai ya narke, domin zafin jikin mutum ya isa ya narkar da shi. Yana ɗauke da kitse iri biyu da suke cike tsagar fata, da wasu sinadarai masu kwantar da ƙaiƙayi. Itacen kaɗanya a yankinmu kawai yake fitowa, daga Senegal har Sudan da Uganda, kuma Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan ƙwallonsa, musamman jihohin Neja da Kwara da Kebbi. Yana ɓata mini rai in ga an kwashe shi da arha an kai Turai, an zuba ɗan kaɗan cikin mai, an dawo mana da shi da tsadar gaske, mu kuma muna raina wanda ke cikin ƙwarya a kasuwar ƙauye. An ce araha ba ta ado, amma man kaɗanya ya ƙaryata maganar. Abin lura biyu ne: idan ya fara warin tsohon mai to ya lalace, kuma ba ya kare fata daga rana ta yadda za a dogara da shi, komai yawan masu faɗar haka.

To wanne za a ɗauka? Ga jiki na yau da kullum, man kaɗanya. Ga leɓe, da diddige, da bayan hannu bayan alwalar asuba a tsakiyar hunturu, da ɗuwawun jariri, Vaseline. Wanda ya haɗa su, kaɗanya a ƙasa Vaseline a sama a wuraren da suka fi tsagewa, ya gama da hunturun bana.

Man kwakwa yana da kyau a jiki da gashi, amma a fuskar mai ƙuraje yana toshe ƙofofin gashi. Man zaitun muna girmama shi, kuma a abinci babu kamarsa, sai dai wani bincike da aka yi a Jami'ar Sheffield ta Ingila a 2013 ya nuna yawan shafa shi yana raunana shingen saman fata. Mai lafiyayyar fata ba zai ga komai ba, amma jariri da mai fama da ƙaiƙayin fata gara a nema musu wani.

Sabulu yana iya rushe duk abin da mai ya gina. Saman fata yana da ɗan tsami, wajen 5 a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami, inda ƙaramar lamba take nuna tsami, babba kuma kishiyarsa, sabulun wanka kuwa yana kaiwa 9 zuwa 10. Sabulun salo ma, da yake da toka ake yin sa, yana cikin wannan sahu. Yana wanke maiƙo tas, shi ya sa yake da daɗi a bazara, amma wanke fuska da shi safe da yamma a hunturu yana barin ta a ɗaure tana sheƙi, wanda alama ce ta cewa an kwashe mata kariya. A bar shi ga jiki, fuska a nema mata abin wanki mai laushi.

Ƙurajen fuska su ne suka fi tura matasa sayen abin da ba su sani ba. Sinadarai uku ne suka tabbata a nan, kuma kowanne da irin ƙurjin da yake kamawa. Salisilik asid yana narkewa cikin maiƙo, don haka yana iya kutsawa cikin ƙofar gashi ya kwance abin da ya toshe ta. Shi ne na masu fuska mai maiƙo da ƙananan ƙuraje masu baƙin kai ko farin kai, waɗanda ba sa ciwo. Kashi 2 cikin 100 ya isa, kuma wanda ake wanke fuska da shi ya fi sauƙi ga mai farawa. Benzoyil feroksaid shi kuma ƙwayoyin cuta yake kashewa, don haka ya fi dacewa da ƙurajen da suke kumbura, su yi ciwo, su tara ruwa. Ana sayar da shi kashi 2.5 da 5 da 10, mutane kuma suna rububin na 10 don sun ɗauka ya fi aiki. An gwada an ga na 2.5 yana yin kusan aikin na 10, kuma bai kai shi busar da fuska da ƙona ta ba. Ga fatar da kowace ƙuna take zama tabo, zaɓin a bayyane yake. A kula da tufafi: yana cin launin yadi. Wadda ta shafa shi ta kwanta za ta wayi gari ta ga rigar matashin kai ta yi dabbare-dabbare, haka gefen hijabi ko ɗankwalin da ya taɓa goshi. Fata kuwa ba ya sa ta haske.

Na ukun, adafalin, shi ne na fi ba wa muhimmanci idan ƙurajen sun zama na kullum. Dangin bitamin A ne. Sauran biyun suna fama da ƙurjin da ya riga ya fito, shi kuwa yana gyara yadda fata take zubar da matattun ƙwayoyinta, ta yadda ƙofar ba za ta toshe ba tun farko, kuma a hankali yana rage tabon da tsofaffin ƙuraje suka bari. An amince da shi a Amurka a 1996, a 2016 kuma aka yarda a sayar da mai kashi 0.1 ba tare da takardar likita ba, da sunan Differin. Yayansa tiretinoyin, wanda ake amfani da shi tun 1971, ya fi shi ƙarfi, ya kuma fi shi sa fuska saɓa da raɗaɗi, ga shi haske yana lalata shi. Retinol da ake sa wa a mayukan kanti shi ne ƙaraminsu, sai fata ta sarrafa shi kafin ya fara aiki, don haka ya fi sauƙi, ya fi jinkiri. Wadda damuwarta tamoji ne da rashin santsi, retinol ya ishe ta. Wadda damuwarta ƙuraje ne, adafalin. Tiretinoyin a bar wa likita ya rubuta.

Waɗannan ukun dangin bitamin A ƙa'idarsu ɗaya: da dare, a busasshiyar fuska, gwargwadon ƙwayar wake ga fuska gaba ɗaya, sau biyu ko uku a mako kafin a ƙara. Makonnin farko fuska na iya ƙara fitar da ƙuraje, a nan ne da yawa suke jefar da shi su ce bai karɓe su ba. Sai an yi mako 8 zuwa 12 ake ganin gaskiyarsa.

Maza ma suna da nasu. Ƙurajen da ke fitowa a wuya da haɓa bayan aski, gashi ne mai lanƙwasa yake komawa cikin fata. Salisilik ko adafalin suna taimakawa, amma babban magani shi ne a daina ƙwalƙwale gemu da reza, a yi amfani da injin aski a bar ɗan tsiro. Waɗanda ke fitowa a ƙeya su yi tauri su haɗe, ba aikin man kanti ba ne, asibiti za a je da wuri kafin su zama tudu.

Yanzu ga inda aka fi yin ɓarna: baƙin tabo da duhun kumatu. Nayasinamaid, wato wani nau'in bitamin B3, shi ne mafi sauƙin hali. Yana rage yawan launin da ke isa saman fata, yana rage maiƙo, yana ƙarfafa shingen fata, zafi ba ya lalata shi, kuma yana zama lafiya da kusan kowane sinadari. Binciken da aka yi a kansa yawanci a kashi 2 zuwa 5 ne. Masu kashi 10 da suka cika kasuwa ba su fi aiki ba, sun dai fi sa ƙaiƙayi. Aikinsa a hankali yake, ba zai ba kowa mamaki cikin mako biyu ba. Azelaik asid ya fi shi ƙarfi a kan tabo, kuma yana kashe ƙuraje a lokaci guda, ga shi ya fi kama wurin da launi ya yi yawa ya ƙyale sauran fata. Na magani kashi 15 zuwa 20 ne, na kanti kashi 10. Yakan yi ɗan tsikari a kwanakin farko. Da za a ce in zaɓi abu ɗaya ga budurwa mai ƙuraje da tabo tare, shi zan zaɓa.

Bitamin C yana da suna, kuma sunan ba na banza ba ne: yana rage tabo, yana taimaka wa fata jure rana. Matsalarsa yanayinmu. Ainihin nau'insa mai ƙarfi ba ya jure zafi da haske da iska. Kwalbar da ta kwana a kwantena, ta zauna a kantar shago ba wuta ba fanka a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, mai yiwuwa ta mutu kafin a saye ta. Ana ganewa da ido. Sabo ruwansa garau yake ko da ɗan rawaya kaɗan. Idan ya koma ruwan lemo mai duhu ko ruwan ƙasa, ya gama aiki, zubarwa za a yi. Wanda ba shi da firji mai wuta, kuɗinsa ya fi tsira a nayasinamaid. Kojik asid, da ake samu daga wani naman gwari, wato dangin funfuna, da Japanawa ke amfani da shi wajen tsimin shinkafa, yana rage launi, amma yana yawan sa ƙaiƙayi, kuma ɗabi'ar barin kumfar sabulunsa a fuska na tsawon mintuna ta ƙona mutane da yawa.

Haidirokwinon ya fi su duka ƙarfi, kuma magani ne na gaske a hannun likita: kashi 2 zuwa 4, a kan tabon kawai, na 'yan watanni, sannan a dakata. Da aka mayar da shi man shafawa na jiki duka, shekara da shekaru, sai ya juya. Yana haifar da wani duhu mai shuɗi-shuɗi a kumatu da goshi da wuya, mai tsaki-tsaki, wanda ya nutse cikin fata ta yadda da wuya ya fita. Likitocin Afirka ta Kudu sun bayyana wannan ciwo a jikin mata baƙaƙe tun 1975, ƙasar kuma ta hana sa shi a kayan kwalliya a 1990. Tarayyar Turai ta hana a 2001, Gana ta bi sahu a 2016.

Duk waɗannan masu goge tabo, babu wanda zai yi nasara idan rana tana sake zana tabon kullum. Gaskiya ne melanin yana kare mu, shi ya sa ba mu cika ƙonewa ba, amma bai hana tabo ƙara duhu ba. Man kariya daga rana mai lamba SPF 30 yana tare kusan kashi 97 cikin 100 na hasken da ke ƙona fata, mai 50 kuma kusan 98, don haka tazarar ba ta kai yadda farashi yake nunawa ba. Iri biyu ne. Mai zinki oksaid ko titaniyam ba ya fusata fata, amma yana barin baƙar fuska fari-fari kamar an shafa toka, shi ya sa da yawa suke sayensa su ajiye. Ɗaya irin ba ya barin fari, sai dai wani kan sa ido yaji idan an yi gumi. Akwai kuma mai launin fata irin na hodar kwalliya, wanda aka sa wa sinadarin ƙarfe, shi ya fi dacewa da masu duhun kumatu, domin yana tare har hasken da ido ke gani, wanda shi ma yana ƙara wa baƙar fata duhu. Alwala tana wanke shi, sai a sake shafawa idan za a koma rana. Wanda kuɗinsa bai kai ba, laima da malafa da bin inuwa ba ƙaramin aiki suke yi ba. Ga 'yan'uwanmu zabiya kuwa wannan mai ba kwalliya ba ne, shi ne tsakaninsu da kansar fata, kuma ya kamata iyali su ɗauke shi kamar kuɗin magani.

Dole in tsaya a kan man haɗi, wanda ake sayarwa a roba ba suna ba lamba, a shago ko ta WhatsApp da Instagram, ana ce masa na gargajiya ko na itatuwa zalla. Babu wani ganye ko saiwa da ke sauya launin mutum cikin mako guda. Abin da ke yin haka sitiroyid ne mai ƙarfi, irin su kilobetasol da betametason, ko haidirokwinon mai yawa, ko makuri, wato zaiba, ƙarfen nan mai guba. Sitiroyid magani ne na kumburi da ƙaiƙayin fata, na kwanaki ƙalilan. Hasken da yake sawa illarsa ce, ba aikinsa ba. Idan aka daɗe ana shafawa fata tana sirancewa har jijiyoyi su bayyana kore-kore, nankarwa mai faɗi ta keto a cinya da hammata da damtse, ƙuraje su feso, gashi ya tsiro a fuska, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi su bar sauran hannun fari. Rauni ba ya saurin warkewa, har ɗinkin tiyata yakan ba da wahala. Yana kuma ratsawa cikin jini ya taɓa hawan jini da suga. Makuri shi kuma ƙoda da jijiyoyi yake ci, yana kaiwa ga ɗan da ke ciki da mai shan nono. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla a kan makuri, ta taƙaita shi a kayan kwalliya, a 2023 kuma ƙasashe suka amince a hana shi gaba ɗaya daga 2025. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo ƙiyasi a 2011 cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da man sa haske, NAFDAC kuma, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yara. Man shafawar nan na kemis mai magani uku a haɗe, da ake matsawa cikin man jariri don ya yi fari, sitiroyid ne a ciki, fatar jariri kuwa ta fi ta babba zuƙar abin da aka shafa mata.

'Yar'uwa, idan kin daɗe kina shafa irin wannan, kada ki yanke shi dare ɗaya. Fatar za ta yi bore, ta yi ja da zafi da ƙaiƙayi, ki koma masa dole. Janyewa ake yi a hankali, da taimakon likitan fata, kuma akwai su a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Ba abin kunya ba ne, sun saba gani.

Dilka da halawa da kurkur ba su cikin wannan sahu muddin ba a sirka su da komai ba. Dilka mataccen fata take cirewa, shi ya sa amarya take fitowa tana sheƙi, kuma launinta na asali ne ya bayyana. A dai tambayi mai gyaran jiki abin da ta zuba a ciki, kuma kada a dirje da ƙarfi. Lemun tsami kuwa a raba shi da fuska: tsaminsa ya kai wajen 2 a ma'aunin pH, kuma idan ruwansa ya haɗu da rana yana ƙona fata ya bar tabon da ya fi na farko. Wanda yake son sinadari mai cire mataccen fata, gilaikolik asid ya fi ratsawa, laktik asid ya fi sauƙi kuma yana riƙe ruwa. Ga baƙar fata laktik na fi so, kashi 5 zuwa 10, sau ɗaya ko biyu a mako. Man saɓar da ake sayarwa don fata ta ɗaye cikin kwana uku, ƙuna ce kawai.

Idan aka zo saye, mai busasshiyar fata ba ta buƙatar fiye da gilisarin, man kaɗanya da Vaseline. Mai maiƙo da ƙananan ƙuraje, salisilik da mai marar nauyi. Mai ƙuraje masu ciwo, benzoyil feroksaid na 2.5 da safe, adafalin da dare. Mai tabo, azelaik ko nayasinamaid tare da man kariya daga rana. Abu ɗaya ake farawa da shi, a gwada a bayan kunne na kwana biyu, a ba shi mako biyu kafin a ƙara wani, don in fuska ta ƙi a san mai laifin. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Mai ciki, da mai neman ciki, ta ajiye retinol da adafalin da tiretinoyin da haidirokwinon gaba ɗaya. Azelaik, nayasinamaid, gilisarin, man kaɗanya da man rana mai zinki ba su da matsala, duhun kumatun da ciki ke kawowa kuma sau da yawa yana raguwa da kansa bayan haihuwa. Sannan ba kowane tabo ne na kwalliya ba. Dabbare-dabbaren da ke fitowa a ƙirji da baya da wuya, masu ɗan gari idan an kankara, kyasbi ne, zagayayyen nan mai ƙaiƙayi kuma makero ne. Dukansu naman gwari ke kawo su, maganinsu kilotirimazol ko ketokonazol, kuma shafa musu mai sitiroyid yana kwantar da ƙaiƙayin na kwana biyu ne ciwon ya ƙara yaɗuwa. Kyasbi ko an kashe shi, launin wurin yakan ɗauki watanni kafin ya daidaita. Tabon da yake girma, ko yake sauya kama, ko gyambon da ya ƙi warkewa, musamman a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, a kai shi asibiti kafin a shafa masa komai.